Wayar da Aka Yanke a Fijon Mahaifina

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, tsohuwar Fijo ɗinsa ta dawo hannuna. Tun yana aiki a masaƙa a Kakuri ya saye ta, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa buɗe injinta ba. Abin alfaharinsa ke nan, baƙo ma sai ya sha labarin kafin ya sha ruwa. Ranar da mahaifiyata ta miƙo mini makulli, abu ɗaya ta ce: "Ka riƙe ta yadda ya riƙe ta."

Ban yi wata shida ba jar fitilar baƙin mai ta fara ƙiftawa, musamman idan inji ya yi zafi na tsaya a cunkoso. Na duba mai, yana nan daidai. Sai na kai ta wurin bakaniken mahaifina a Kakuri, wani dattijo Ibo da Hausa ta zauna a bakinsa. Ya saurari inji, ya ɗaura agogon awo, ya girgiza kai.

"Ɗana, famfon baƙin mai ya gaji. Mai yana ciki, amma ba ya hawa sama yadda ya kamata. Bar ta kwana uku mu kwance ƙasan inji mu canja. Kar ka ƙara tuƙa ta, abeg."

Ni da sanina a mota bai wuce murɗa makulli ba, sai na ga kamar so yake ya buɗe injin da babana bai taɓa bari an buɗe ba. Na ce zan yi shawara. Shawarar kuwa da abokina na yi ta, mutumin da ko keke bai mallaka ba. Ya ce, "Sun gan ka sabon hannu ne kawai. Akwai mutumina a Makera, minti goma ya gama."

Minti goman kuwa aka yi. Bakaniken ya jawo mini benci a inuwa, ya cusa kai cikin bonet, ya fito yana goge hannu. "Alhaji, datti ne kawai. Tayar mu gani." Na tayar, babu fitila. Ko filin jirgi ban taɓa takawa ba, amma kiran Alhajin nan da ya yi mini ya yi mini daɗi. Da gangan na biyo ta gaban garejin dattijon, na danna hon, na ce an gyara. Ya taso yana cewa in tsaya ya gani, ni kuwa na ba ta wuta.

Bayan kwana tara na ɗauki mahaifiyata za mu barka a Unguwar Boro. Muna cikin tafiya inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmi. Na kalli gaban mota, ba wata fitila. Kafin in sauka gefen titi ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Cikin ranar nan na tare wa tsohuwa keke-napep, ni kuma aka ja ni zuwa Kakuri, kaina a ƙasa.

Dattijon bai yi mini gori ba. Ya ce, "Murɗa makulli, amma kar ka tayar." Na murɗa. "Ina jar fitilar? Ai dole ta kama kafin inji ya tashi." Ya zura hannu ta gefen inji ya zaro wata siririyar waya, an datse ta, an naɗe bakinta da baƙin salatif, an ɓoye. Kwana tara inji yana ci ba mai, abin da zai faɗa mini kuma an rufe masa baki. Injin ya buga, babu abin da za a ceta.

Na isa Makera da wayar a hannu. Kun san abin da mutumin nan ya ce mini? "Alhaji, me ka kawo mini? Cewa ka yi fitila na damunka. Ta sake damunka?" Masu shago kuma suka taru a kaina, a yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma wallahi mutum ne ya riƙe filaya ya datse wayar nan, kuma ya san uwar wani na iya shiga motar.

Injin Beljiyam, wato na gwanjo, aka saka mata. Ranar da na dawo da ita gida, mahaifiyata ta fito ƙofa, ta tsaya ta saurara. Ta ce, "Wannan ba kukanta ba ne." Ta koma ciki.

Na daɗe da yafe wa abokina, wautarsa ba ta fi tawa ba. Kaina ma na yafe masa rabi, don an faɗa mini gaskiya ƙiri-ƙiri na tsallake ta na je inda za a kira ni Alhaji. Amma mutumin Makera har yau raina yana ɓaci idan na tuna shi. Yana nan a garejinsa, motoci sun yi layi. Duk lokacin da na wuce sai ya ɗaga mini hannu da fara'a, ni kuma masu motocin nake kallo, suna zaune a benci cikin inuwa, hankalinsu kwance.