Wayar da ke ƙarƙashin tabarma

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta Asabar ɗin da aka ɗaga tabarmar falonmu a Akurba ba. Ga ni yau da 'ya'ya uku, amma in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Ina aji huɗu a firamare Baba ya sayo mana wani tsohon gem ɗan gwanjo na wasa a talabijin, irin mai kaset ɗin nan da sai an hura masa iska kafin ya kama. Kaset ɗaya ne ke aiki, na jirgin yaƙi, wanda aka ɗauko daga wani fim ɗin Turawa. Ka tashi sama, ka harbo jiragen abokan gaba, daga ƙarshe ka sauka a kan wani ƙaton jirgin ruwa. Saukar nan ita ce bala'in. Ka yi sauri ka wuce, ka yi sanyi ka faɗa teku.

Baba ya ce ni da yayana mu riƙa yi tare, kada ya ji rigima. Yaya ya amsa da ladabi kamar mutumin kirki. Ya miƙo min abin dannawa na biyu, wanda muke kira fad, mai doguwar waya da ta bi ta ƙarƙashin tabarma, ya ce, "Ni ne direba, ke ce mai birki. In mun zo sauka ki danna jan maɓallin nan da ƙarfi."

Na ɗauki aikin da gaske. Ina dannawa har babban yatsana ya yi kanta, amma kullum cikin ruwa muke ƙarewa. Sai Yaya ya dafe kai ya ce, "Kin sake kashe mu! Wai ke hannunki na tuwo ne?" Ya kuma kafa doka: wanda ya kayar da jirgi, shi zai ɗebo ruwan gida a bohol. Ɗiban ruwan nan fa aikinsa ne. Haka na ƙare dogon hutu da jarka a ka, shi yana kwance a inuwar mangwaro. Nauyin jarkar bai dame ni ba kamar yadda na yarda a zuciyata cewa ni ce marar kai. Har a kan sabulun wanka nake gwajin dannawa, ko hannuna zai faɗa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, maƙwabciyarmu, wata 'yar ƙabilar Tibi mai sayar da doya, ta shigo gaida Mama. Garin gyara ɗankwali ɗan kunnenta ya faɗi. Ta ce in matsa ta duba, na miƙe tsaye ba tare da na saki fad ba, don mun kusa sauka. Ta ɗaga tabarma. Sai ga bakin wayata a kwance a ƙasa, an ɗaure shi a ƙafar kujera.

Ta kwance shi ta ɗaga sama, ta ce, "A'a! Wannan waya bai shiga ko'ina ba fa. Yarinya, me kake dannawa tun safe?"

Daidai lokacin jirgi ya faɗa teku, bakin wayata yana hannunta. Yaya, da yake bakinsa ya saba, ya juyo ya ce, "Kin sake..." sai ya haɗiye sauran.

Mama dariya ta fara yi, kuma dariyar nan ta yi min ciwo ƙwarai. Yaya ya samu ƙarfin gwiwa ya ce, "Ai gem ɗin na mutum ɗaya ne, Mama. Don kada ta yi kuka ne."

Na ce, "Ruwan fa? Shi ma don kada in yi kuka ne?"

Nan dariyar Mama ta tsaya. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta karɓe fad ɗin gaske ta ba ni, ta nuna masa jarka da ƙofa.

Kada in yi muku ƙarya, ko jirgin ruwan ban kai ba aka harbo ni. Amma da na danna hagu, jirgi ya yi hagu. Na fashe da kuka, don ashe tsawon hutun nan ko sau ɗaya ban taɓa kayar da jirgi ba sai ranar.

Yaya har yau cewa yake wasan yara ne. Ni kuwa abin da na koya ya bi ni gidan aure da wurin aiki: duk wanda ya ce laifina ne, ba na amsawa sai na bi wayar na ga ko a hannuna abin yake.