Alƙiblar Ƙuda

Yau jikata takan buɗe salula ta ga ƙwan ƙuda yana rarrabuwa kala-kala. A zamanin fari da yunwa, lokacin soja na mulki, ba mu da komai a lise, makarantar sakandarenmu, sai allo da madubin ƙara girma guda ɗaya.

Ina koyar da ilimin halittu. Wani abokin karatuna daga Jamus ya aiko mini wasiƙa da zanen tsutsar ƙaramin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro: gindi a nan, gindi a can, babu kai. Ya ce ƙwayoyin gadon uwa ne ke ajiye wani sinadari a ƙarshe ɗaya na ƙwai. Inda ya yi yawa, nan kai zai fito; inda ya ƙare, can baya. In sinadarin bai zauna ba, sai a sami abin da ya zana.

Na so ɗalibaina su gane, ba su haddace kawai ba. Na yi bayani da Faransanci sau uku. Suka rubuta tsaf, idanu a bushe. Na ga irin wannan kallo a ƙasashe da yawa, amma namu ya fi ladabi.

Na fara kiwon ƙudajen cikin kwalabe don su ga tsutsar da idonsu. Sai dai a shekarar nan ba mai zubar da ko ɓawo. Maƙwabciyata a Banifandu, ungozoma ce Kirista daga Dogon Dutsi, ita ke roƙo mini ruɓaɓɓu daga garkar mangwaron ƙaninta a Tondibiya. Wata rana ta tare ni da "Mushe" ɗin nan na Faransanci da ake kiran malamai da shi.

"Mushe, mutane na layin dawa, kai kana ciyar da ƙuda! Me suka yi maka?"

Na nuna mata zanen, na kama bayani da Hausa ina tuntuɓe. Ta dube shi da kyau.

"Wannan marar kai ɗan'uwanka ne. To, ka ce dai uwa ke nuna wa ɗa alƙibla tun yana cikin ƙwai."

Washegari na rufe ƙofar aji, don an hana mu Hausa da Zabarmanci a makaranta, na faɗi maganarta yadda ta faɗe ta. Aka yi dariya. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu: in aka sa sinadarin a ƙarshe biyu fa, kai biyu za a samu? Haka ne kuwa, kuma ban faɗa musu ba.

Allah ya saka wa maƙwabciyar nan tawa. Daga ranar ban sake shiga aji da darasin da ban fara gwada shi da Hausa ba.