Ranar da na ware takardun Kaka kamar goro

Shekarun baya, tun ƙafafuna ba su fara yi mini gardama ba, ɗiyata ta same ni a tsakar gida nan unguwar Banikanni ta ce, "Inna, mutanen wani ɗakin littattafai na nan Parakou suna bin gidaje suna ɗaukar hoton tsofaffin takardu. Na ba su labarin adakar Kaka."

Na ce, "Tafiya za su yi da su?"

"Hoto kawai. Sai su sa sunan littafi da na mai shi a katalog, duk mai nema ya gani a wayarsa, ko a ina yake."

"To in yana cikin wayar wani, me ya rage a adakar?"

"Komai yana nan, Inna."

Ban gane ba. Amma na ji an ce sunan Kaka zai zaga duniya, sai na ce su zo.

Adakar tana gidanmu na Djougou, mabuɗinta kuwa yana bakin zanina tun rasuwar Baba, don ni ce babba. Ni dai ban yi lakkol ba, wato boko, allona ma bai yi nisa ba, amma abin da ya shiga kunnena ya shiga ke nan. A ciki akwai littattafan Larabci uku, sai waƙar da kakanmu madugu ya rubuta da ajami kan tafiyar fataucin goro. Baba ya sha rera mana ita muna yara.

Na riga baƙin zuwa Djougou da kwana biyu. Da na buɗe gafakokin sai raina ya ɓaci. Ku da ba ku sani ba, littattafan mutanen da ba ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin fata. Ga ƙura, ga wata ta yi ja, ga wata gara ta ci mata baki. Na ce wannan za a nuna wa baƙi, a gidan da aka san mu da iya ware goro? Na shimfiɗa tabarma na zazzage su duka. Farare na tara su gefe guda, jajaye gefe guda, manya da manya, masu cin gara kuwa na tura su can ƙasa kamar goro mai tsutsa. Na goge, na jera, na koma gefe ina yaba wa kaina.

Suka iso da hantsi: wata madam mai tabarau da na'urar hoto, da wani malami mai karanta ajami. Madam ta sa safar hannu kafin ta taɓa, har na so in ji haushi. Malam ya ɗauki warƙar farko ya karanta, ya ɗauki ta biyu, ya koma ta farko. Ya dube ni.

"Hajiya, wa ya taɓa takardun nan?"

Na ce, "Ni ce. Ai kun ga aiki."

Sai ya yi salati. Ƙanena da ke zaune bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ai saura ki yayyafa musu ruwa ki rufe da ganye."

Ni har lokacin ban ga laifina ba. Malam ne ya zauna ya fahimtar da ni cewa na cakuɗa littattafai huɗu. Ya ce na Larabcin da sauƙi, don kowace warƙa tana da kalma a gindinta mai nuna wadda ke bin ta. Kaka kuwa bai sa ba, kuma a kan duk takardar da ya samu a hanya ya yi rubutunsa. Madam ta yi magana da Faransanci, malam ya juya mini: gobe da safe za su koma Parakou, in ba a san farko da ƙarshe ba, sai dai a rubuta cewa warwatsattsun takardu ne, ba a tabbatar da mai su ba.

Mutumin da ya ja ayari har Gwanja, ni jikarsa in mai da shi marar suna da tsumman goge-goge?

Na ce, "Malam, in na rera, za ka iya nemo takardar?"

Haka muka yi. In ja baiti, ya lalubo warƙar da ta fara da shi, ya ajiye. Zango bayan zango, da jakin da ya ƙi ƙetare rafi, da wurin da Baba kullum yake yin tari ya ɓare goro kafin ya ci gaba. Ni ma na yi tarin, don na ɗauka cikin waƙar yake. Zuwa la'asar na kai ƙarshe, sai ga warƙa ɗaya ta rage a hannun malam.

Ya karanta ta a hankali, yana danne dariya. Mu a gidanmu an san Kaka ya tari zaki a bakin rafi da sanda. Ashe da hannunsa ya rubuta cewa kan tsamiya ya ɗare, rawaninsa ya faɗi ƙasa, kakarmu mace ce ta kori zakin da itacen wuta tana buga tasa.

Ƙanena ya miƙe tsaye. "Wannan ba tamu ba ce! A cire ta."

Madam ta ce takardunmu ne, abin da muka yarda shi za a ɗauka. Kaina ya ɗaure. Muryar ta Kaka ce, ba ko tantama. Sai tarin Baba ya faɗo mini a rai: ashe baitocin nan yake tsallakewa.

Na ce, "Malam, sa ta bayan jakin nan da rafi. Nan ne gurbinta."

Bayan wasu watanni ɗiyata ta nuna mini wayarta. Ta karanta mini sunan Kaka, da layin da ke cewa jikarsa ce ta jera waƙar da ka. Ba a yi mako ba ɗan ƙanena ya bugo daga Kano yana ta ƙyaƙyata dariya, wai ya ga Kaka a kan tsamiya a wayarsa. Ban yi wata-wata ba na shiga mota sai Djougou. Adaka a kulle, warƙar tana kwance inda muka sa ta.

Har yau ban san ta inda ta fita ba, kuma ɗiyata ta gaji da yi mini bayani. Abin da na ɗauka dai shi ne, ba kowane tarkace ne ke jiran hannuna ba. Yanzu ko takardar ƙunshin ƙosai na gani sai in bar ta yadda na same ta. In kuma ina rera waƙar na iso bakin rafi, na daina yin tari. Ina hawa tsamiyar tare da Kaka.