Ruwan Tafki a Firizar Inna

A bana kamfanin Radiyya Kalla ya shiga sahun manyan masu nazarin muhalli na Afirka ta Yamma. Haka aka rubuta a shafinsa na intanet, kuma ita ce ta rubuta. Ofishin ɗaki ɗaya ne a unguwar Treichville, a saman shagon mai gyaran fanka. Ci gaban da aka samu na gaske ne: an kafa allo a ƙofa, an ƙaro kujera, sannan aka ɗauki ma'aikaci, Mijinyawa, tsohon ɗan dako a tashar jiragen ruwa, wanda ya iya tuƙa kwalekwale kuma ba ya tambaya.

A unguwar Adjamé Liberté aka haifi Radiyya. Ta karanta ilimin ruwa da ƙasa cikin harshen Faransanci, har in ta fusata Hausarta kan ƙare a tsakiyar zance. Mahaifiyarta, Hajiya Tsahara, bisap take sayarwa, wato zoɓo, a tsofaffin gorunan roba. In an tambaye ta sana'ar 'yarta sai ta ce, "Tana duba datti."

Aikin farko mai tsoka ya zo ne daga wani kamfanin fiton kaya da ke son gina sito a bakin tafki. Suna buƙatar rahoto kan ruwan wurin a lokacin damina. In rahoton ya yi kyau, akwai wasu ayyukan a gaba. Radiyya da Mijinyawa suka shiga kwalekwale cikin ruwan sama, suka ɗebo abin da za a gwada, ita tana cika goruna, shi yana kwashe ruwan da ya shigo da gwangwani.

Ɗakin gwaji ya ce na'urarsa ta lalace, a jira. Irin wannan ruwa kuwa dole a daskarar da shi, ofishin kuma ba firiza. Sai ta ɗauki gorunan a cikin gbaka, ƙaramar motar haya, a kan cinya, ta ratsa cunkoson motocin Indénié, ta jera su a ƙasan firizar Inna. Ta yi bayani sosai, rabi da Faransanci. Inna ta ce to.

Ran da na'ura ta gyaru, damina ta riga ta wuce. Radiyya ta buɗe firizar, ta tarar da jan zoɓo daga sama har ƙasa.

"Inna, ina gorunana?"

"Ga su nan. Masu kyau ne, murfinsu na kamawa."

"Ruwan ciki fa?"

"Wane ruwa? Madam Dirakta, abin nan kore ne. Da na narkar da ɗaya na shinshina, sai da na sake alwala. Ki sa mini ruwan kwata kusa da abin da mutane za su sha?"

"Shi ne aikin, Inna. Dattin shi ne aikin."

"To ki je ki ɗebo wani. Tafkin ya ƙafe ne?"

Radiyya ta fara bayanin bambancin ruwan damina da na rani, Hausa ta ƙare mata, ta koma Faransanci, Inna ta koma ƙulla leda. Mijinyawa, da ya zo ɗaukar kaya, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban sama, ko da hadari. Babu.

Ranar Litinin ake jiran rahoton. Ruwan sama sai watan Afrilu.