Maginin da ya auna kicin da muciya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina sauraren rediyo a ƙofar gida, aka bugo mini waya daga Badarawa: Malam Bawa magini ya rasu.

Har yanzu wayar tana hannuna.

Shi ya gina kicin ɗin gidana a nan Kaura. Lokacin jiharmu sabuwa ce, an yi mini ƙarin girma a ofis, kai ya ɗan kumbura. Na yanko hoton kicin ɗin Turawa daga wata mujalla, da tayil da kanta mai tsayi, na ce irinsa nake so wa mai ɗakina Hajiya.

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "Yallaɓai, masu wanga ɗaki tuwo suka ci? Tuwo ba a tuƙa shi tsaye."

Shekarun fara Shari'a ne, kowa na kiyayewa, shi kuma dama ba mai leƙa matan mutane ba ne. Sai ya ce in fito masa da muciyarta da kujerar da take zama a kai. Ya zauna a kujerar a tsakiyar zaure, ƙaton mutum da gemu, yana tuƙa iska. Da haka ya fitar da tsayin murhu da inda hannunta zai kai ga kwanuka.

Tayil ɗina ya sa mini, don kada in yi fushi. Amma ya ƙara dakali a ciki, wanda babu a hoton. Na yi magana, ya ce, "Mai girki ita kaɗai, gishiri na yi mata yawa."

A kan dakalin nan matan unguwa suka yi shekaru suna hira. Falon da na kashe wa kuɗi, ni kaɗai nake zama cikinsa.

Bayan rasuwar Hajiya, yara suka watse garuruwa, gidan ya yi shiru. Sai na koyi wata dabara. In kira Malam Bawa in ce tayil ya ɗaga, ko bango ya tsage. Ya hau mashin tun daga Badarawa, ya shafa wurin, mu zauna a dakali mu sha shayi har la'asar.

Zuwansa na ƙarshe, ya ƙwanƙwasa bangon, ya yi dariya. "Yallaɓai, ginina lahiya lau yake. In hira kaka so, ce hira." Na ce to, hira. Ya ce bayan girbi zai dawo, ba tare da kayan aiki ba.

Gero bai ma nuna ba tukuna.

Ya Allah ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa makwanci, ka gina masa gida a Aljanna. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Malam Bawa a addu'a, ya haɗa da Hajiya. Wanda kuma hanya ta biyo da shi Kaura, ya tsaya ya yi sallama. Ina gida.