Gonar Baba Ma Ta Bushe

Ni ɗan malami ne. A Zurgu aka haife ni, mahaifina ke jan sallah a unguwarmu, kuma bai taɓa cin abin da bai san asalinsa ba. Mutane kan ce muddin Malam na garin nan, babu masifar da za ta shigo. Na fi kowa yarda da wannan magana.

Lokacin da Turawa ke shirin tafiya na sami aiki wurin wani mai sayen gyaɗa a Rano. A can na ga manomi na zuba yashi a buhu, mai sikeli na tauye awo, kowa ya sani, kuma a tashi a tafi masallaci tare. Ni ma na koyi zuba yashin. Daga nan na koma kwance jakunan mutane a bakin kasuwa. Duk sanda gabana ya faɗi, sai in ce addu'ar Baba za ta rufa mini asiri.

Bayan samun 'yancin kai aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke daidai gero na fitar da kai. Sau uku aka fita roƙon ruwa, Baba na gaba, ko hadari bai haɗu ba. Cikin wannan yunwa na saci jakin wata tsohuwa mai sayar da itace. Ranar kasuwar Kibiya ta gane abinta, ta riƙe mini riga. Alƙali ya ba ni shekara uku.

A kurkuku tambaya ɗaya ta hana ni sakat. In laifinmu ne ya jawo fari, me ya sa gonar Baba ma ta bushe? Da ya zo duba ni, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ban iya haƙuri ba na tambaye shi.

Ya ce, "Kai, da tsammani kake sallata katanga ce? In ɓarna ta game gari, abin da zai sauka ba ya tsallake gonar liman. Can gaban Allah ne za a ware kowa da aikinsa. Ni ma ina ganin abin da kuke yi, na yi shiru don kada a ce na cika tsanani."

Na ce, "To addu'ar da kake mini fa, Baba?"

Ya ce, "Ina yi, ba zan daina ba. Amma ba ni da ikon tuba a madadinka."

Kafin a sake ni ya rasu. Da na fito, gidan tsohuwar nan na fara zuwa, na durƙusa na roƙi gafara. Ta yafe mini, amma ba ta dube ni ba. Na koma noma har yau.

Ku yara, kada ku ce ai kowa na yi. Kada kuma ku fake da nagartar iyayenku. Ni uban da na fake da shi, ko jana'izarsa ban samu ba.