Baba da Iskar Taya

Jama'a, yau da bakina na ja wa mahaifina Allah ya isa!

Kun san Baba ya zo mana nan ƙasar waje daga Kano, tsohon direban tirela ne. Da safe muka kama hanyar Springfield, ni da shi da yara. Sanyi har cikin ƙashi! Muna hawa babban titin Beltway fitilar gargaɗin iskar taya ta kama. Sitiyari ya fara rawa, wata babbar mota ta kusa kwashe mu! Da ƙyar na lallaɓa gidan mai.

Na auna, tayoyi huɗu duk sun yi ƙasa! Jiya-jiya na ƙara musu iska, don sanyin nan shanye iska yake.

Na ce, "Duk wanda ya sace min iska, Allah ya isa!"

Baba ya ce, "Ni ne, Nura. Bayan Asuba na rage. In kwalta ta ɗau zafi, taya fashewa take."

"Baba, wane zafi? Ƙanƙara ce fa a ƙasa!"

"To. Allah ya huci zuciyarka."

Tun ɗazu nake ba shi haƙuri, ko abinci ya ƙi ci. Yanzu ya tambaye ni ina na ajiye fasfonsa.